Watan Iska

Ranar da likita ya gaya wa Auta watan da za ta haihu, a ranar ce kuma ubanta ya ture min kwano gefe, ya girke kwamfutarsa a kan teburin cin abinci, ya ce bana watan takwas za mu tafi.

Na ajiye cokali. Na ce, "Injiniya, wane wata ka ce?"

"Na takwas. Matso ki gani." Ya juyo min da kwamfutar. Taswira ce cike da ƙananan kibiyoyi, wani wuri kore, wani wuri ja. "Duk inda kika ga jan nan, iska ce mai ƙarfi wadda ba ta yankewa. Na duba na shekarun baya duka, babu watan da ya kama ƙafarsa."

"Auta za ta haihu a watan takwas."

"Na ji mana, ai ba kurma ba ne ni." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce haihuwar fari takan yi jinkiri, likitoci ma kintace kawai suke yi, iska kuwa lokacinta sananne ne. Na dube shi, mutum ya doshi sittin, furfura ta cinye masa gemu, yana auna haihuwar 'yarsa da kibiyoyi. A take abincin ya fita daga raina.

Ga wanda bai san mijina ba, kamfani gare shi na haɗa na'urorin sanyaya ɗaki a manyan gine-gine. Ma'aikatansa na shakkarsa, maƙwabta na ganin girmansa. Tun Auta na firamare aka tura shi kwas wata ƙasa mai bakin teku, ya dawo min da wannan cuta. Wasan shi ne a sami wata ƙatuwar laima mai siffar jinjirin wata, a hura mata iska da famfo, a ɗaura mata dogayen igiyoyi, mutum ya maƙala su a ƙugunsa, ya hau kan wani ɗan allo, iska ta riƙa jan sa a kan ruwa. Shi ke nan. Ba kifi yake kamawa ba, ba wani wuri za shi ba. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, har rana ta faɗi. Garinmu kuwa ba teku, ba tafki, ko iskar da za ta busar da shanya da wuri babu. Don haka duk shekara sai an ƙetare, kuma sai a watan da iska ta ga dama.

Ni kuma ga aikina a ciki. Laimar ba ta tashi da mutum ɗaya. Sai an sami wanda zai ɗaga ta ya tsaya can nesa, ya riƙe ta a tsaye tana fizgar sa, shi kuma mai wasan ya ja igiyoyi ya duba ko sun harɗe. In ya ɗaga babban yatsa, ka saki. In bai ɗaga ba, ko hannunka zai cire ba ka saki. In ya gaji ya dawo ya dafa kansa, alamar a karɓi laimar ke nan, sai ka ruga ka cafke ta kafin ta faɗo a kan mutane. Wata shekara ciwon kai ya kwantar da ni a masauki, wani baƙo ya riƙe masa, ya saki tun ba a ba shi alama ba. Laimar ta ja Injiniya a ƙasa har ta maka shi da wani kwale-kwale da aka kife, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Tun daga ranar ya rantse ba wanda zai sake riƙe masa sai ni.

Ƙawayena na cewa na more, miji na fita da ni waje duk shekara. Su zo su ga morewa. Yashi a kunne, yashi a haƙori, yashi a cikin jaka. Ni da nake da shagon tabarau, duk shekara sai na dawo da nawa a karce. Shekara ashirin da ɗoriya ina zuwa bakin teku, ban taɓa ganin teku a kwance ba.

Duk wannan da na haƙura, kamar yadda na saba. Amma Auta ita kaɗai ce mace a 'ya'yana, yayyenta maza biyu suna can wata uwa duniya, kuma cikinta na farko ya zube ne muna bakin teku. Wayata na cikin jaka, jakar na ƙarƙashin tawul, ni ina tsaye riƙe da laima. Sai da yamma na ga kiran mijinta. Na ce mu koma, Injiniya ya ce babu wuri a jirgi sai ƙarshen mako. Washegari ya shiga ruwa, wai zama ba zai dawo da komai ba, kuma ya sa na riƙe masa ina kuka. Ban yafe masa ba, ya kuma san ban yafe ba. Shi ya sa a wannan karon na ci alwashi, ko sama da ƙasa za su haɗu, ina gefen 'yata ranar da za ta haihu.

Bayan 'yan kwanaki ya same ni a shago. Ina tsaye gaban 'yar na'urar ɗumama firam ɗin tabarau, ina lanƙwasa hannun tabarau ga wani dattijo da ke ƙorafin yana cizon sa a bayan kunne. Injiniya ya shigo ba sallamar kirki, ya dafa gilashin da na goge da safe, ya ce in ba shi fasfona. Lambar fasfon nan ya haddace ta tun tuni, rigima kawai ta kawo shi.

Na ce, "Fasfona na nan inda yake. Mu je watan tara."

"Watan tara iska ta fara mutuwa. Yau ta zo, gobe da jibi babu. In je in zauna ina kallon ruwa?"

"Watan shida."

"Ba ta nuna ba tukuna. Lokacin 'yan yara marasa nauyi ne ke wasa. Mai jiki irin nawa sai iska mai ƙarfi, in ba haka ba nutsewa zan yi."

"To ka rage tumbin mana."

Dattijon ya yi tari. Injiniya ya sha mur, ya ce, "Maman Auta, ki iya bakinki a gaban mutane."

"Kai ka kawo maganar gaban mutane. Ɗaya ƙasar fa, wadda iskarta ke zuwa ƙarshen shekara?"

"Sau nawa zan gaya miki? Can daga tudu take busowa ta nufi cikin teku. In igiya ta tsinke, sai dai a tsinci gawata a wata nahiya. Haka kike so?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na sa wa dattijon tabarau, na juya shi ga madubi, na tambaye shi ko ya daina cizo. Ya ce ya daina, amma idonsa na kanmu. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Lafiya dai ko, 'yata?" Na ce, "Lafiya lau, Baba. Mijina ne, iska yake bi." Dattijon ya dubi Injiniya daga sama har ƙasa, ya ce Allah ya shirya, ya fita.

Injiniya ya cika ya batse. Ya ce gwiwarsa ba za ta kai shi wasu shekaru masu yawa ba, wataƙila wannan ne na ƙarshe da zai shiga babbar iska, ni kuma ban damu ba. Na ce gwiwar nan ta kai shi duk inda ya so tun Auta na sa kayan makaranta, yanzu ta zauna ta huta. Ya ce Auta na da miji, tana da likita, tana da asibiti, me zan yi mata, ni ungozoma ce? Na ce shi ma yana da hannu biyu, ya riƙe laimarsa. Ya fita ya bugo min ƙofa, har firam biyu suka faɗo daga kan kanta.

Daga nan gidan ya koma filin daga. Na daina yi masa shayin safe, ya daina gaya min in zai fita. Na'urar sanyaya ɗakina ta lalace, mai kamfanin na'urori guda ya bar ni ina kwana da fanka. Wata rana na dawo daga shago na tarar ya hura laimar a tsakiyar falo, tun daga bakin ƙofa har taga, yana durƙushe da kwano da ruwan sabulu yana shafawa, yana neman inda take yoyo. Ya ga na shigo, bai matsar da ita ba. Sai da na sunkuya na rarrafa ta ƙarƙashinta da jakata a hannu, ni uwar 'ya'ya uku. Da na isa ɗaya gefen na ce masa, in ya bar ta nan har gobe, zai ga yoyo na gaske, don almakashina na da kaifi. Washegari ba ta nan.

Duk wannan ban gaya wa Auta ba. Jininta kan hau, likita ya ce a guji tayar mata da hankali. Muna waya kusan kullum, ta gaya min ƙafarta ta kumbura, ta gaya min yaron na harbin ta in ta kwanta ta hagu, in ce ta ɗora ƙafa a kan matashi, ta rage gishiri. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan zo ba. Na ɗauka kawaici ne irin nata, tun tana ƙarama ba ta iya roƙo ba. Ni kuma na ce bari in gama da ubanta tukuna, ta gan ni kawai a bakin ƙofa da jakata.

Ya sayi tikiti biyu. Ya ajiye nawa a kan madubina, na mayar masa a cikin takalminsa. Ya turo min ƙanwarsa ta yi min wa'azi a kan haƙurin zaman aure, na ba ta ruwa, na ce tunda ta fi ni haƙuri ga tikiti nan, ta je ta tsaya a yashi. Ba ta sake dawowa ba.

Safiyar tafiya ya jera kayansa a bakin ƙofa, doguwar jakar allo, jakar laima, famfo. Ya tsaya yana jujjuya makulli, yana jiran ya ga na fito da akwati. Na fito da kofin shayina, na zauna.

Ya ce, "Da gaske kike yi."

"Wata shida ina gaya maka."

"Kin san abin da ya faru ranar da wani ya riƙe min. In aka sake sakina tun ban shirya ba, ki sani ke ce."

"Bakin tekun nan cike yake da mutane. Ka zaɓi mai hankali."

Ya kalle ni. Na ga tsoro a idonsa, tsoro na gaske, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ya kinkimi jakar allon, ta bugi ƙofa, ta bugi bango, ya fita. Ban raka shi ba. Motar na barin ƙofar gida na miƙe na haɗa tawa jakar, na bar wa ma'aikaciyata makullin shago, na kama hanya. Tun da aka yi aurenmu ban taɓa cin nasara a kansa irin wannan ba, har waƙa nake yi a mota.

Gidan Auta a hawa na uku yake, a wani dogon bene mara lif. Na hau ina haki, na ƙwanƙwasa. Wadda ta buɗe min uwar mijinta ce. A raina Sannu-Sannu nake kiranta, don ba ta iya jimla ba tare da sannu a ciki ba, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, abin da ya sa ban taɓa yarda da ita ba ke nan. Silifas ɗin gida ne a ƙafarta, hannunta jiƙe da ruwan wanke-wanke.

"A'a, Maman Auta! Sannu da zuwa, sannu da hanya. Sannu, kawo jakar."

Na ce ta bar min kayata. Na wuce kai tsaye ɗakin baƙi don in ajiye. Na tura ƙofa na tsaya. Kayanta ne rataye a kabad, magungunanta jere a kan durowar gefen gado, tabaraunta a kan matashi, wani firam mai arha da ba a shagona aka saya ba. Gadon jariri a haɗe a jikin nata gadon, har an ɗaura masa gidan sauro. Wannan ba ɗakin wanda ya zo jiya ba ne.

Auta na ɗakinta a kishingiɗe, ƙafafunta a kan matashi biyu, fuskarta ta cika. Ta gan ni ta yunƙura.

"Mama? Ba yau ne jirginku ba?"

"Jirginsa. Ni ban je ba."

Na tsaya ina jiran ta yi ihu, ko ta yi kuka, ko ta buɗe hannu. Sai ta kalle ni ta ce, "To wa zai riƙe wa Abba laima?"

Na tura ƙofar na rufe, na ce, "Me matar nan take yi a ɗakin baƙi?"

"Umma ce fa, Mama. Ni na roƙe ta. Tun watan jiya take nan."

"Yaushe kika roƙe ta?"

"Ranar da likita ya faɗi watan. Ina fitowa daga asibiti na buga mata."

"Kafin ki buga min?"

"Mama, watan takwas ya ce." Ta faɗe shi ba fushi, ba gori, yadda mutum zai ce gobe Talata. "Ina ji na san watan iska ne. Watan bakwai da na takwas ba a sa ku a lissafi, kowa ya sani. Har bikina sai da muka matsar."

Raina ya ɓaci, muryata ta hau. "Wata shida ina yaƙi da ubanki saboda ke! Wata shida ba ma magana a gidan nan! Na kori gwaggonki, na kwana da fanka, yau na bar shi ya tafi shi kaɗai yana rawar jiki, duk saboda ke!"

"Ban sani ba. Ba ki gaya min ba."

"Ke kin tambaye ni?"

"Na daina tambaya tun ina sakandare, Mama."

Na zauna a bakin gadon. Daga kicin ina jin ƙarar kwanuka, a hankali, irin ta wanda yake so a san ba ya saurare. Na ce to ba komai, ga ni na zo, ta gaya wa matar ta koma gidanta, an gode.

Auta ta girgiza kai. Ta ce Umma ta bar mijinta mara lafiya a hannun 'yarta ta taho. Ranar da jinin Auta ya hau Umma ce ta kai ta asibiti, ita ta san maganin safe da na yamma, nas-nas duk sun san ta. Ta ce asibitin mace ɗaya suke bari ta shiga ɗakin haihuwa, kuma tuni suka tambayi wace ce.

"Wa kika ce musu?"

Ta sunkuyar da kai tana shafa cikinta. Na gane ba sunana ta ba su ba.

Aka ƙwanƙwasa. Sannu-Sannu ta leƙo da ruwa a kan faranti. Ta ce, "Sannu, Maman Auta, ki sha ruwa. Ni ina ganin sai in kwashe kayana in koma falo, ke ki ɗauki ɗakin. Ai ke ce uwa." Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi, da na san abin da zan mayar mata. Na buɗe baki ke nan Auta ta riga ni.

"A'a, Umma, bayanki fa. Kujerar nan za ta tayar miki da ciwon." Sannan ta juyo gare ni, ta kama hannuna, hannunta da ɗumi, yatsun sun kumbura. "Mama, kin sha hanya, kuma gidan ya yi mana kaɗan. Ki koma gida ki huta. Ki riƙa buga wa Abba, ni hankalina ba zai kwanta ba in ban san yana lafiya ba."

Na sha ruwan. Na yi mata addu'a, ta ce amin. Na miƙe na fito.

Sannu-Sannu ta riga ni ɗaukar jakar, kuma a wannan karon ban hana ta ba. Ta sauko da ita hawa uku, da ciwon bayan nata, tana tsayawa a kowace kwana ta jira ni. Ta sa min ita a kujerar baya, ta gyara mata zama.

"Sannu, Maman Auta. Kada ki sa komai a ranki, tana hannu nagari. Da zarar ta sauka lafiya, ke za mu fara kira."

Ta rufe min ƙofar mota da kanta. Ta tsaya a bakin titi tana ɗaga min hannu har na kai ƙarshen layin, sannan ta juya ta koma sama wurin 'yata.